Luka 14:26 ta hana ni barci: Yesu yana so in ƙi mahaifiyata ne?

Telan Tawa ya rubuta:

Salama gare ku ƴan'uwa cikin Ubangiji. Ina gaida manya da ke nan, iyayenmu maza da mata. Ni tela ne a nan Tawa, shekarata 31, ina da mata da ƴaƴa biyu, da ɗan shago mai keke uku kusa da kasuwa. Ku yi haƙuri da tsawon magana, abin ne ya cika mini ciki.

Tun farkon Janairu muke taruwa mu bakwai kowace Laraba da dare a tsakar gidan wani dattijon ikilisiyarmu, muna bin Bisharar Luka, sura ɗaya kowane mako. Larabar da ta wuce muka iso sura 14. Kun san Tawa da bazara. Kuran, wato wutar lantarki, ya tafi tun magariba, ko ganye ba ya motsi, muna zaune bisa tabarma kowa yana haska littafinsa da fitilar salula. Ni aka ba karatu daga aya 25. Da na zo aya 26, inda Yesu ya juya ga taron da ke biye da shi ya ce duk wanda ya zo wurinsa bai ƙi ubansa da uwarsa da matarsa da ƴaƴansa da ƴan'uwansa maza da mata ba, har da ransa ma, ba shi da ikon zama almajirinsa, sai muryata ta sarƙe. Ayar ba baƙuwa ba ce gare ni, na sha wuce ta. Amma daren nan kamar da sunana aka rubuta ta. Ɗan'uwan da ke gefena ya taɓa mini gwiwa ya ce, "To, ga amsarka nan."

Ga abin da yake nufi. Watan jiya fasto ya kira ni ya ce dattawa sun amince a tura ni makarantar Littafi Mai Tsarki can wajen Maradi, shekara uku, za a fara bayan kaka. Tun ina saurayi nake roƙon Allah wannan abu. Ƙauyukan da ke kewaye da mu akwai ƴan'uwa biyar nan, takwas can, babu mai koya musu, wasu sai su yi wata biyu ba su ji an buɗe musu Littafi ba.

Amma ga Inna. Bara da damina ta faɗi a bayan gida tana tsinkar yakuwa. Hawan jini ne. Muka kai ta asibitin Galmi, muka yi kwana 12, Allah ya tashe ta, magana ta dawo, amma hannun dama da ƙafar dama ba su dawo ba. Babanmu ya rasu a Abijan wurin bida tun ina ɗan shekara 14. Wannan hannun da ya shanye, shi ya yi daka, ya yi sussuka, ya dama furar sayarwa har aka biya mini kuɗin koyon ɗinki. Ƙanena yana Libiya, wani lokaci sai a yi wata uku ba a ji shi ba. Ƙanwata tana aure a Konni da ƴaƴa huɗu. Maganin Inna jikka tara ne kowane wata, daga bakin allurata yake fitowa. Kowace Asabar da yamma in na rufe shago sai in hau babur in tafi ƙauye, in gyara mata shimfiɗa, in yanke mata farce, in kwana, in dawo da asuba don in samu sujada.

In na tafi makaranta, shago ya tsaya. In shago ya tsaya, magani ya tsaya. Fasto ya ce in yi addu'a, kuma ina yi. Amma tun daren nan ayar ta tsaya mini a maƙogwaro. Na san doka ta ce ka girmama ubanka da uwarka. To yaya bakin da ya ce mu ƙaunaci maƙiyanmu zai ce mu ƙi iyayenmu? Kuma in na ce wa fasto ba zan tafi ba saboda Inna, na zama ɗaya daga cikin masu ba da hujja da ke cikin surar nan ke nan, mai gona da mai shanu da sabon ango? Don Allah wanda ya fahimci wurin nan ya taimake ni. Ba lallashi nake nema ba, gaskiya nake so ko da mai ɗaci ce.


Tsohon Malami, Yantala, ya rubuta:

Ɗana, sannu. Allah ya ba Inna sauƙi, ya saka maka da alheri a kan abin da kake yi mata.

Na yi shekara 33 ina koyarwa a lakkol kafin in huta, kuma abin da na koya wa yara shi zan faɗa maka: kada ka amsa tambaya sai ka karanta shafin duka. Samu kaye sabo, ka ja layi uku daga sama har ƙasa, ka sami gida huɗu. Rubuta Matiyu, Markus, Luka, Yohanna a kai (wasu juyin suna rubuta Yahaya, mutum ɗaya ne). Duk maganar Yesu da ta yi maka nauyi, ka nemo ta a wurin sauran ukun ka kwafe da hannunka gefe da gefe. Shekara da shekaru haka nake karatuna, kayena sun cika kwali guda.

In ka yi haka da ayarka, a gidan Matiyu za ka rubuta sura 10 aya 37. A can Yesu yana cewa wanda ya fi ƙaunar uba ko uwa fiye da shi bai cancanci zama nasa ba, haka ma wanda ya fi ƙaunar ɗa ko ɗiya. Ka ga Matiyu ya kawo ma'anar a shimfiɗe, Luka kuma ya bar maganar da kaifinta yadda mutanen wurin suke yin ta. Gare su, in aka jera abu biyu aka fifita ɗaya, sai a ce an ƙi ɗayan. Duba Farawa 29. Aya 30 ta ce Yakubu ya fi son Rahila a kan Lai'atu. Aya ta gaba kuma, a asalin Ibrananci, ta kira Lai'atu wadda aka ƙi. Mace ɗaya, hali ɗaya, aya biyu a jere. Mu Hausawa ba sai an yi mana dogon bayani ba, muna da mowa da bora. Bora tana cikin gida, ana ciyar da ita, tana haihuwa, Lai'atu ma ƴaƴa maza shida ta haifa wa Yakubu. Abin da ta rasa shi ne wuri na fari a zuciyar mai gida. Yesu yana gaya wa taron nan cewa wurin nan na fari nasa ne, ba ya raba shi da kowa, ko da wadda ta haife ka.

Yanzu je ka Markus 7, daga aya 9 zuwa 13. Akwai mutanen da in iyayensu suka buƙaci taimako sai su ce abin da za su ba su korban ne, wato an riga an keɓe shi ga Allah, shi ke nan sun wanke hannunsu. Yesu ya tsawata musu ƙwarai, ya ce sun soke maganar Allah da al'adarsu. Ka riƙe wannan da kyau, domin tarkon yana nan har yau: mutum ya ɗauki aikin Allah ya yi mayafi da shi ya guje wa tsohuwarsa.

Sannan ka dubi abin da almajiran suka yi da ƙafafunsu. Markus 1:20 ya ce Yaƙub da Yohanna sun bar ubansu Zabadi cikin jirgi tare da ma'aikatansa. Matiyu bai ambaci ma'aikatan ba, Markus ne kaɗai ya ajiye mana su. Ni wannan ɗan guntun bayani yana da daraja a wurina, domin ya nuna tsohon bai zauna shi kaɗai da taru a hannu ba. Ka ƙara gaba aya tara kawai, ga Bitrus wanda ya bar tarunsa ya shiga gidansa a Kafarnahum, surukarsa tana kwance da zazzaɓi, suka gaya wa Yesu, ya kama hannunta ya tashe ta. Mutumin da ya bar kome, ga shi da Ubangiji a bakin gadon uwar matarsa. A ƙarshe kuma Yohanna 19:26 da 27. Yesu yana bisa gicciye, ƙusa a hannu, numfashi da ƙyar, bai cika ba sai da ya damƙa uwarsa a hannun almajirin da yake ƙauna, kuma daga sa'ar nan almajirin ya kai ta gidansa.

Saboda haka ban yarda da ɗan'uwan da ya ce maka ga amsarka nan ba. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma ya yi gaggawa. Ayar tana tambayarka wa ke da wuri na fari. Ba ta ce maka makaranta ko ƙauye ba.


Maman Biyu, Harobanda, ta rubuta:

Baba Malam, ina gaisuwa, kuma duk abin da ka kawo gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma ina jin tsoron kada mu goge wa ayar kaifi har ta daina yanka. Ku bar ni in faɗi nawa.

Ni ba a gidan Kirista aka haife ni ba. Na zo Yamai karatu, a nan na ba da gaskiya ina da shekara 22. Da na koma gida hutu na gaya wa mahaifina, yana zaune bisa buzunsa a zaure. Mutumin kirki ne, mai tsoron Allah iyakar saninsa, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya yi shiru har na ji kukan kaji a cikin gida. Sai ya ce, "Ki zaɓa." Na durƙusa ina kuka na ce, Baba, ba zan iya barin wanda na gane ba. Ya tashi ya shiga ciki. Washegari yayana ya ɗauko jakata ya raka ni tasha, bai ce mini uffan ba har mota ta tashi.

A garinmu abin da aka yi ta faɗa shi ne, "Wance ta ƙi iyayenta." Kalmar nan ta Luka, ita ce dai aka liƙa mini. Ni kuwa Allah ya sani ban taɓa son mahaifina kamar shekarun nan ba. Kowace salla sai in sayi shadda da sukari da sabulu in ba gwaggona ta kai, kada ta ce daga ni ne. Daga baya na ji ashe ya sani, yana karɓa, bai dai taɓa sa shaddar ba, yana ajiyewa cikin akwati.

Shi ya sa nake ganin Hausa ta taimake mu a nan. Ƙi daban, tsana daban. Yaro yana iya ƙin aiken uwarsa in ta aike shi abin da bai kamata ba, kuma bai tsane ta ba. Ni na ƙi maganar mahaifina sau ɗaya a rayuwata, a kan abu ɗaya, kuma abin ya ci mini shekara 11 ba na taka zauren gidanmu. Yesu yana kan hanyar Urushalima lokacin da ya yi maganar nan, ya san abin da ke jiransa, ga jama'a suna binsa kamar masu rakiyar biki. Ya juya ya gaya musu kuɗin abin tun ba su yi nisa ba. Ni na gode masa da bai ɓoye mini ba. Da a ce ban taɓa karanta ayar ba, da ranar da yayana ya kai ni tasha na ɗauka Allah ya yashe ni.

Akwai kuma Markus 10:29 da 30, inda ya yi alkawari cewa wanda ya bar gida ko ƴan'uwa ko uwa ko uba ko ƴaƴa ko gonaki saboda shi zai sami ninki ɗari tun a wannan zamani, amma ya ƙara da cewa tare da tsanani. Na ga duka biyun da idona. Wata tsohuwa a ikilisiyarmu ta riƙe ni kamar ita ta haife ni, ita ta yi mini gara da na yi aure, ita ta yi mini wankan jego. Ranar Asabar 17 ga Janairun 2015 kuma, da aka ƙone majami'u a nan Yamai, muna kulle cikin ɗaki da yara muna ganin hayaƙi ta taga, sai salulata ta yi ƙara. Yayana ne, bayan shekarun nan duka. Ya ce, "Kuna lafiya? Baba ne ya ce in tambaya." Daga ranar ƙofa ta fara buɗewa. Na samu na yi jinyar mahaifina wata biyu kafin ya rasu.

Ƙanena tela, ga abin da nake so ka gani. Ni an ce mini in zaɓa tsakanin Yesu da gida. Kai Inna ba ta ce ka bar Yesu ba. Tsakanin hidima da hidima kake tsaye. Kada ka ɗauki ayar da aka rubuta don ranar wuta ka ɗora wa tsohuwar da ba ta tsare maka hanya ba.


Ɗan Bukoki ya rubuta:

Ina girmama manya, amma ni a ganina ya tafi. Luka ɗin nan dai, sura 9 daga aya 59: wani ya ce bari in je in binne ubana tukuna, Yesu ya ce bar matattu su binne matattunsu. Wani ya ce bari in sallami mutanen gida, ya ce wanda ya kama garma yana waiwaye bai dace da Mulkin Allah ba. Ina ruwan waɗannan ayoyi da mowa da bora? A fili suke. Kullum akwai dalili. Bana Inna, baɗi kuɗin lakkol ɗin yara, baɗin baɗaɗa rufin ɗaki. Haka wani kawuna ya yi ta cewa sai shekara mai zuwa har furfura ta rufe shi. Mishan ɗin da suka buɗe asibitin Galmi a 1950, inda aka yi jinyar Inna, ai su ma iyaye suka baro a ƙasashensu. Da sun ce sai iyayensu sun rasu, da wa zai duba ta? Yaya tela, dattawa bakwai ko takwas ba za su haɗa baki a kanka a banza ba. Ka ba da gaskiya, Allah ba ya kiran mutum ya bar gidansa da yunwa.


Tsohon Malami, Yantala, ya rubuta:

Ɗan Bukoki, ka kyauta da ka kawo Luka 9, kuma maganarka a kan sai baɗi gaskiya ce, na ga mutane da yawa da ta cinye. Ayoyin nan suna da zafi, ban kuwa da niyyar zuba musu ruwa. Ubangiji yana da ikon ce wa mutum tashi yanzu, kuma in ya ce, babu tukuna.

Amma sa wannan a gida na gaba cikin kayenka. Markus 5:18 zuwa 20, da Luka 8:38 da 39. Mutumin ƙasar Garasinawa da aka fitar wa aljannu, wanda dā yake kwana a makabarta, ya roƙi Yesu ya bar shi ya shiga jirgi ya bi shi. Roƙo ya yi. Yesu ya hana shi, ya ce ya koma gida wurin mutanensa ya gaya musu abin da Ubangiji ya yi masa. Ya koma, ya yi ta shela a Dikafolis, yankin garuruwa goma, har kowa yana mamaki. A Luka sura ɗaya ce tsakanin wanda aka ce wa koma gida da wanda aka ce wa kada ka koma. Baki ɗaya ne ya faɗi duka biyun. Wanda ke neman hanyar zillewa an ce masa biyo ni, wanda ke ɗokin shiga jirgi an ce masa gida. Ni daga Yantala ba ni da idon da zan ga wanne ne ɗanmu tela a cikinsu, kai ma daga Bukoki haka.


Ƴar Konni ta rubuta:

Gafara dai, ni ba malama ba ce, aikin jinya nake yi shekara 16. Na karanta duka, kuma akwai mutum biyu da ban ji an tambaye su ba: Inna da matarka.

Yaya tela, ka ce kana zuwa Asabar. Daga Lahadi zuwa Juma'a fa, wa ke juya ta? Mai shanyewar ɓarin jiki in ba ta iya juyawa da kanta, sai an riƙa juya ta kowane awa biyu ko uku, in ba haka ba baya da ƙugu da diddige su yi gyambo, kuma da zafin bazarar nan gyambon kwanciya ba ya jin magani da wuri. Wa ke kai ta bayan gida? Wa ke lanƙwasa mata hannu da ƙafar yana miƙewa kowace safiya don kada gaɓoɓin su ƙage? Wa ke lura da gishiri da dunƙulen miya a abincinta? Maganin hawan jini kuma ba a shan sa yau a bari gobe, in aka yanke shi faɗuwa ta biyu tana iya zuwa, kuma sau da yawa ta fi ta fari muni. Akwai wata mace da ke yin wannan aiki duka yanzu haka, ko matar kawu ko ɗiyar maƙwabta, ba ka ambace ta ba. In ka tafi kuma aka ce a kawo Inna Tawa, a kan matarka zai sauka, ga yara biyu, ga shago babu mai shi.

Ba ina cewa kada ka tafi ba ne. Ka ƙarasa surar da ka fara. Aya biyu bayan wadda ta hana ka barci, Yesu ya ce wanda zai gina hasumiya sai ya fara zama ya yi lissafi, kada ya sa harsashi ya kasa gamawa mutane su yi masa dariya. Ya kawo kuma sarki mai mutum dubu 10 da zai tari mai dubu 20. Zama ya ce a yi, a ƙidaya. Ɗan Bukoki ya ce Allah ba ya barin gidan bawansa da yunwa, na yarda, amma ni a wurin aikina na ga yadda yake ciyarwa: ta hannun mutane ne masu suna. In dattawa sun ce ka tafi, ka tambaye su da ladabi wa zai ɗauki jikka taran nan kowane wata har wata 36. Ba rashin bangaskiya ba ne. Ikilisiyar farko ma da maganar gwauraye ta taso a Ayyukan Manzanni sura 6, ba su ce a yi addu'a kawai ba, mutum bakwai suka zaɓa suka ɗora musu aikin.


Telan Tawa ya rubuta:

Na gode, na gode ƙwarai. Baba Malam, na sayi kaye na ja layukan, har na cika shafi shida. Mama, na karanta wa matata labarinki, muka yi ta hawaye mu biyu. Ɗan Bukoki, maganarka ta soke ni, domin na binciki zuciyata na tarar ba Inna kaɗai ke ciki ba. Akwai tsoron rasa shagon da na yi shekara tara ina ginawa, akwai kuma tsoron komawa aji in zauna da yara da suka fi ni faransanci. Waɗannan biyun na laɓe da su a bayan Inna, kuma na tuba.

Yaya Ƴar Konni, kin faɗi gaskiya, kunya ta kama ni. Matar kawuna ce ke yin aikin nan duka, ita ma ta haura 50, tana fama da ciwon gwiwa. Kuma ban taɓa zama da matata na tambaye ta ba, sanar da ita kawai na yi. Da na tambaye ta daren Juma'a ta ce ta daɗe tana so a kawo Inna wurinmu ko da maganar makaranta ko babu, tana jin nauyin faɗa ne kada in ce tana shiga sha'anin gidanmu.

Jiya Asabar na je ƙauye. Bayan na shafa wa Inna man kaɗe a ƙafa na gaya mata kome, har ayar na karanta mata. Ta sa na maimaita. Sai ta ce, da bakin nan nata da ya ɗan karkace, "Ubanka ya tafi Abijan neman kuɗi shekara da shekaru ban hana shi ba, kai da za ka neman maganar Allah zan hana?" Ta ce in tafi. Amma da na tashi zan ɗauko mata ruwa, sai ta kama bakin rigata da hannun hagu ta riƙe, ba ta ce kome ba, ta daɗe ba ta saki ba. Ban san wanne zan ji ba, bakinta ko hannunta.

Ga inda nake yanzu. Babban yaron shagona ya iya yanka da ɗinkin maza sarai, aikin zare ne bai gama kamawa ba. In na tsaya a kansa daga yanzu zuwa kaka, wataƙila ya riƙe keke biyu. Na rubuta lissafi a bayan kayen: magani, hatsi, hayar shago, lakkol ɗin babbar ɗiyata. Ko yaron ya riƙe shagon da kyau, akwai giɓin wajen jikka 14 kowane wata. Ranar Juma'a zan kai wa fasto da dattawa kayen su gani da idonsu, in kuma tambaye su ko ana iya ɗaga mini tafiyar zuwa baɗi in giɓin bai rufu ba. Inna kuwa mun shirya da kawu za mu ɗauko ta kafin ruwan fari ya ɓata hanya, ina neman mota mai shimfiɗa a baya don ba za ta iya zaman babur ba.

Baba Malam, Laraba mai zuwa sura 15 za mu shiga, kuma ni aka sake ba jagora. Na duba sauran gidaje ukun ban sami labarin ɗan da ya ɓace ba, tunkiyar kaɗai na gani a Matiyu 18. Ni ne ban iya nema ba, ko Luka kaɗai ya kawo shi?